Yaron Murcia da Sarkin Jar Ƙasa

Ranar 5 ga Mayun 2021 wani yaro ya cika shekara 18 da haihuwa, kuma a ranar ce aka haɗa shi karawa a wasan tanis da mutumin da ya tashi yana kallo a talabijin. A birnin Madrid aka yi. Rafael Nadal bai raga masa ba don yana bikin haihuwa. Ya casa shi 6-1, 6-2, daga baya aka shigo da kek cikin fili, suka jeru aka ɗauki hoto, yaron yana ta murmushi sai ka ce shi ya ci wasan. Da shekara ta zagayo, a wannan filin dai, yaron ya dawo da ƙarfinsa. Ranar Juma'a ya fitar da Nadal, duk da ya gurɗe ƙafa ana tsakiyar wasa. Ranar Asabar ya fitar da Novak Djokovic, wanda yake lamba ɗaya a duniya a lokacin. Ranar Lahadi ya yi wa Alexander Zverev 6-3, 6-1, ya ɗaga kofi. Kafin shi babu wanda ya taɓa doke Nadal da Djokovic a gasa guda a kan jar ƙasa. Sunan yaron Carlos Alcaraz, mutanen garinsu suna ce masa Carlitos.

Gara in faɗa tun da wuri, ni mutumin Nadal ne. A zamanin da masoya tanis suka rabu gida uku, wasu na bayan Federer, wasu na bayan Djokovic, ni ina tare da bahagon Mallorca, kuma har gobe babu ɗan wasan da nake girmamawa kamarsa. Shi ya sa da aka fara kiran Alcaraz sabon Nadal ban yi saurin amsawa ba. Suna ne mai nauyi, kuma kama da wane ba ta wane. Amma bayan abin da idona ya gani daga 2022 zuwa ƙarshen 2025, na yanke hukuncina: zuciyar Nadal ce a ƙirjin yaron nan, hannun kuwa nasa ne shi kaɗai, kuma ni dai ban taɓa ganin hannu irinsa ba. Nadal yakan sa in zauna shiru ina jinjina kai. Alcaraz kuwa tashe ni yake yi daga kan kujera ina ihu.

Bari mu fara da babban, don shi ya riga. An haifi Nadal a Manacor, a tsibirin Mallorca, a 1986. Gidansu gidan wasanni ne. Masu bin ƙwallon ƙafa tun da daɗewa za su tuna baffansa Miguel Ángel Nadal, mai tsaron baya na Barcelona da tawagar Sifaniya. Wani baffan nasa, Toni, shi ya koya masa tanis tun yana ɗan ƙarami, kuma bai taɓa shagwaɓa shi ba. Nadal da hannun dama yake rubutu, da hagu yake riƙe raket. Wannan hagun ita ce ta hana duniyar tanis barci shekara kusan ashirin. Idan ya zabga wa ƙwallo mari daga ƙasa zuwa sama, raket ɗin ya kewaya bisa kansa, sai ƙwallon ta taho tana juyi, ta daki ƙasa ta yi tsalle har kafaɗar abokin karawa. Federer, mai bugun bayan hannu da hannu ɗaya, ya sha azabarta fiye da kowa: a wasan ƙarshe na Roland Garros na 2008 Nadal ya yi masa 6-1, 6-3, 6-0. Federer fa, a ganiyarsa!

Salon Nadal salon ruwan damina ne mai yini yana zuba har sai katangar ƙasa ta jiƙe ta faɗi da kanta. Yana tsayawa can baya da layi, ya dawo da ta farko, ya dawo da ta goma, ya dawo da ta ashirin, kowacce da nauyinta, har sai numfashinka ya ƙare ka buga waje. Da haka ya ci Roland Garros sau 14. A wannan gasa ta birnin Paris ya yi nasara a wasa 112, aka doke shi sau huɗu kacal, kuma mutum uku ne suka iya: Robin Söderling a 2009, Djokovic sau biyu, sai Zverev a 2024, lokacin jiki ya riga ya gaji. Tsakanin 2005 da 2007 ya yi wasa 81 a jere a kan jar ƙasa ba a doke shi ba. Jimillar manyan kofunansa 22. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk wannan ya yi shi ne da ƙafar hagu mai ciwon ƙashi da ya addabe shi tun 2005. A 2022 sai da aka riƙa yi masa allurar kashe zafi a ƙafar kafin ya shiga fili, kuma a haka ya ɗauki kofin Paris na goma sha huɗu yana shekara 36. A farkon wannan shekarar dai, a Melbourne, Daniil Medvedev ya ci shi turmi biyu na farko, Nadal ya dawo ya cinye ukun da suka rage bayan awa biyar da minti 24. To wanda za a kwatanta da mutum irin wannan, ai sai ya shirya.

Alcaraz ɗan El Palmar ne, wani gari a gefen birnin Murcia a kudu maso gabashin Sifaniya. An haife shi a 2003. Mahaifinsa yana kula da sashen tanis a wani kulob na garin, don haka da raket ya buɗe ido. Yana da shekara 15 ya shiga hannun Juan Carlos Ferrero, wanda shi ma ya taɓa zama lamba ɗaya a duniya, kuma ya ci Roland Garros a shekarar da aka haifi yaron. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: yana shekara 16, a Rio de Janeiro, ya doke Albert Ramos-Viñolas, gogaggen ɗan ƙasarsu, a wasan da ya kai kusan ƙarfe uku na dare. A 2021 ya ci kofinsa na farko a Umag ta ƙasar Kuroshiya, sannan ya je New York ya kori Stefanos Tsitsipas, lamba uku a duniya, a gaban dubban mutanen da yawancinsu ba su ma iya faɗin sunansa daidai ba tukuna.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato hannun nan. Bugun cikin hannunsa na dama yana da ƙarfin da za ka ji 'yan kallo sun ja numfashi gaba ɗaya in ya sake shi. Masu ƙarfi dai suna da yawa a tanis ta yau, kowane dogon saurayi yana iya fasa ƙwallo. Abin da ya raba Alcaraz da su shi ne abin da yake yi bayan ya tsorata ka da ƙarfin. Ya zabga ta farko, ka ja baya. Ya zabga ta biyu, ka ƙara ja baya har ka kusa jingina da allon talla. Sai ya ɗaga hannu daidai yadda ya ɗaga a baya, kafaɗa ta juya, ƙafa ta kafu, kai kuma ka daddage kana jiran dutse, a daƙiƙar ƙarshe sai ya sassauta yatsu ya shafi ƙwallon ta ƙasa, ta haye raga da ƙyar ta kwanta a gindinta. Wannan 'yar ajiya tasa ita ce abu mafi daɗi da ake yi da raket a duniya yau, kuma ba na shakkar faɗi. In ka yi sa'a ka ruga ka cim mata, ka tura ta, to ya riga ya san inda za ta. Sai ya ɗaga ta bisa kanka ta sauka a bayanka, ka juya ka sake gudu. Manyan mutane masu tsawon kusan mita biyu na ga ya mayar da su abin tausayi da wannan dabara. A da ana ɗaukar ajiya a gindin raga a matsayin bugun wanda ya gaji ko ya rasa abin yi. Alcaraz ya mayar da ita makami, har yana yin ta a makin da in ya kuskure wasa ya tafi.

Kuma yana son zuwa raga. Nadal ma ya iya wasan raga, ya fi yadda mutane ke zato, amma sai ya tabbatar maki ya nuna kafin ya matso ya tsinke shi. Alcaraz tun makin yana ɗanye yake rugowa. Yakan yi sabis ya biyo ƙwallon a guje, abin da yawancin 'yan zamaninsa suka manta da shi. Ga gudu. Ƙwallon da kowa ya sallama, har mai sharhi ya fara bayanin maki na gaba, sai ka ga yaron ya zame ƙafa a buɗe ya kamo ta, ya kuma aika ta inda ba a zata ba. Daga nan ya kai yatsa kunne yana tambayar 'yan kallo ina ihun yake, haƙora duk a waje.

Wannan murmushin ma wani babban bambanci ne. Nadal yakan shiga fili fuska a murtuke, ya jera kwalaben ruwansa biyu a gaban kujera yadda ya saba, ya gyara wando, ya taɓa hanci da kunnuwa kafin kowane sabis. Komai a tsare, komai a lissafe, don kada hankali ya tafi ko'ina. Wahala ce abincinsa, kuma ya koya mana cewa ana iya son wahala. Alcaraz wasa yake yi, wasa na gaske irin na yara. Za a ci shi maki mai kyau, sai ka ga yana dariya yana tafa wa abokin karawa da raket. Na sha jin masu cewa wannan rashin nutsuwa ne. Ni kuwa ina ganin daga nan ƙarfinsa yake fitowa: ranar da yake murmushi, ranar ce ba a iya taɓa shi.

To ina zuciyar Nadal ɗin da na ce ya gada? Ga wanda bai saba da tanis ba, a manyan gasa huɗu na duniya maza suna buga har turmi biyar, wanda ya fara cin uku shi ya yi nasara, kuma babu agogon da zai cece ka. A turmi na biyar ake gane namiji. Zuwa ƙarshen 2025 sau ɗaya tak aka taɓa doke Alcaraz a wasan da ya kai turmi na biyar, shi ne wanda Matteo Berrettini ya yi masa a Ostireliya a 2022, yana ɗan shekara 18. A gasar US Open ta wannan shekarar ya buga turmi biyar-biyar sau uku a jere: da Marin Čilić, da Jannik Sinner, da Frances Tiafoe. Na Sinner ɗin ya ɗauki awa biyar da minti 15, aka tashi ƙarfe uku saura minti goma na dare agogon New York, kuma sai da Sinner ya zo saura maki ɗaya ya yi nasara. A cikin wasan ne Alcaraz ya yi tsalle ya bugo ƙwallo ta bayan gadon bayansa, ya kuma ci makin. Bayan duk wannan gajiya ya doke Casper Ruud a wasan ƙarshe, ya zama lamba ɗaya a duniya yana shekara 19, mafi ƙarancin shekaru a tarihin jadawalin maza. Nadal sai da ya kai 22 kafin ya hau wannan kujera, ko da yake dole a faɗi gaskiya, Federer ne ya tare masa hanya shekara uku.

A watan Yunin 2023 Djokovic ya koya wa Alcaraz darasi a Paris. Tsananin fargaba ya sa jijiyoyin jikinsa suka ɗaure a wasan kusa da na ƙarshe, ya kasa gudu. Mako biyar bayan haka suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Wimbledon, a babban filin da Djokovic ya shekara goma ba a doke shi a cikinsa ba. Turmin farko Djokovic ya yi masa 6-1, na ce a raina yau ma yaro zai sha kashi. Ina! Ya ƙwace na biyu a bugun raba gardama, ya cinye na uku 6-1, ya saki na huɗu, ya ɗauki na biyar 6-4. Da ya zo yin sabis na rufe wasa, inda hannun manya ke rawa, sai da ya yi 'yar ajiyarsa, ya kuma ɗaga ƙwallo bisa kan Djokovic. Tun bayan 2002 babu wanda ya ci Wimbledon in ba Federer ko Nadal ko Djokovic ko Andy Murray ba, sai wannan yaro mai shekara 20 wanda a lokacin gasannin da ya buga a kan ciyawa ba su taka kara sun karya ba. Djokovic da bakinsa ya faɗa bayan wasan cewa yaron ya haɗa abin da ya fi kyau a wurin Federer da Nadal da shi kansa. A shekarar da ta biyo baya Alcaraz ya ci Roland Garros, ya dawo Landan ya sake doke Djokovic, wannan karon turmi uku babu ko ɗaya. Cin Paris da Wimbledon a bazara guda abu ne da Nadal ya yi sau biyu, a 2008 da 2010, kuma mutane ƙalilan ne suka taɓa yi.

Amma wasan da ya gama da ni shi ne na ranar Lahadi 8 ga Yunin 2025, mu nan ana cikin hidimar Babbar Sallah. Mako biyu kafin ranar, a babban filin Roland Garros, wato Philippe-Chatrier, an yi bikin karrama Nadal; Federer da Djokovic da Murray suka zo, aka buɗe wani allo mai ɗauke da sawun ƙafarsa a gefen raga, Alcaraz yana cikin 'yan kallo yana tafi. Yanzu ga shi a wasan ƙarshe da Sinner, ɗan Italiya, lamba ɗaya a duniya, wanda ya ci US Open da gasar Ostireliya a jere, kuma bai rasa turmi ko ɗaya ba a duk gasar. Sinner ya ci turmin farko 6-4, ya ci na biyu a bugun raba gardama. Kafin ranar Alcaraz bai taɓa dawowa ya ci wasa ba bayan an yi masa biyu da nema. Ya lallaɓa ya ci na uku. A na huɗu Sinner ya kai 5-3, Alcaraz yana sabis, aka yi masa 0-40. Ma'ana dama uku a jere, kowacce in Sinner ya ci maki ɗaya kofi ya zama nasa.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku minti goman da suka biyo baya ba. Ya tsallake ta farko. Ya tsallake ta biyu. Ya tsallake ta uku. Ya riƙe sabis ɗinsa, ya ɗaga hannu sama, filin ya ɗauki kuwwa. Sinner ya zo yin sabis don rufe wasa, Alcaraz ya ƙwace. Aka je raba gardama, ya ci. A turmi na biyar shi ya shiga gaba, ya zo rufewa, sai Sinner shi ma ya nuna ɗan halak ne, ya ƙwace, aka koma kunnen doki har 6-6. Daga nan aka shiga raba gardama ta ƙarshe mai maki goma, bayan awa biyar ana gudu a kan jar ƙasa, kuma a nan yaron ya buga tanis mafi kyau da na taɓa gani. Maki bakwai na farko duk nasa. Ya rufe da 10-2, da wani bugu da ya yi a guje ta gefen layi, ya zube a ƙasa. Awa biyar da minti 29, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin gasar. A ranar na ga Nadal a cikinsa ƙarara: wannan taurin kai na ƙin yarda an gama, wannan buga kowane maki kamar shi ne na farko. Sai dai ko a bakin ramin bai daina kai hari ba. Nadal yakan fita daga rami da haƙuri, shi wannan da ƙarfin hali ya fito.

Ga wani abin al'ajabi da ya sa tsigar jikina ta tashi da aka faɗe shi. A ranar Alcaraz ya ci babban kofinsa na biyar yana da shekara 22 da wata ɗaya da kwana uku. Ranar da Nadal ya ci nasa na biyar, wato ranar da ya doke Federer 9-7 a turmi na biyar a Wimbledon ta 2008 duhu yana shigowa, shekarunsa 22 da wata ɗaya da kwana uku.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Alcaraz yakan ɓace a tsakiyar wasa, ya zubar da turmi guda a banza yana neman bugun burgewa inda bugu mai sauƙi zai wadatar. A Agustan 2024 ya farfasa raket a Cincinnati don fushi, abin da Nadal bai taɓa yi ba a duk rayuwarsa ta wasa. Ya fito ya ba da haƙuri washegari. Bayan 'yan kwanaki Botic van de Zandschulp ya kore shi a zagaye na biyu na US Open. A Yulin 2025 Sinner ya rama, ya karɓe masa kofin Wimbledon. Duk na yarda. Amma ku dubi amsar da ya bayar. Ya iso New York da aski ƙwal, da sabis da aka gyara, ya bi mutum shida ya wuce, har da Djokovic, ba tare da ya rasa turmi ɗaya ba, sannan ya doke Sinner 6-2, 3-6, 6-1, 6-4 ya karɓe matsayin lamba ɗaya. Wanda aka ce ba ya iya nutsuwa ya yi mako biyu cur bai yi gyangyaɗi ba. Yaro ne mai jin gyara, kuma wannan ya fi komai ba abokan hamayyarsa tsoro.

Halinsa ma abin so ne, kuma a nan tarbiyyar ta yi kama da ta babban. A Paris a 2025, yana karawa da Ben Shelton, ya kai wa wata ƙwallo sura ta haye raga, aka ba shi maki, 'yan kallo suna ta tafi. Sai ya je da kansa ya ce raket ɗin ta riga ta bar hannunsa kafin ta taɓa ƙwallon, don haka makin na Shelton ne. Irin wannan ne ya sa na ji daɗi ƙwarai da na ga shi da Nadal sun haɗu a gefe ɗaya na raga a gasar Olamfik ta Paris a 2024, babba da ƙarami, suna ihun “Vamos” tare. Ba su kai ga lambar yabo ba, 'yan Amurka Austin Krajicek da Rajeev Ram suka fitar da su, amma ganin yadda yaron yake sauraron Nadal tsakanin maki da maki ya ishe ni. Watanni kaɗan bayan haka, a Malaga, a gasar Davis Cup, Nadal ya buga wasansa na ƙarshe ya sha kashi, Alcaraz ya shiga ya ci nasa don ya tsawaita wa gwaninsa kwana ɗaya a fili. Ba ta yiwu ba, Holan ta fitar da Sifaniya a wasan 'yan bibbiyu, Nadal ya yi ban kwana da hawaye.

Zai kamo Nadal? A Paris, a'a. Kofi 14 a gasa ɗaya ba abin da za a sake gani ba ne, kuma ba na so ma a ɗora wa yaron wannan kaya. A jimilla kuwa ina da kyakkyawan zato. Zuwa ƙarshen 2025 yana da manyan kofuna shida yana shekara 22, kuma ku dubi yadda suka rabu: biyu a jar ƙasar Paris, biyu a ciyawar Landan, biyu a daɓen New York. Shidan farko na Nadal huɗu daga Paris suka fito. Alcaraz tun yana 21 ya ci babban kofi a kan kowane irin fili, kuma babu namijin da ya yi haka da ƙarancin shekaru kamarsa. Abin da ya rage shi ne lafiya da tsawon rai a fili, don salon nasa na zamiya da tsalle yana cin jiki, kuma abin da ya sa Nadal ya zama Nadal shi ne ya yi ta dawowa daga jinya shekara bayan shekara. Sannan ga Sinner, wanda zai hana shi barci yadda Federer da Djokovic suka hana Nadal, kuma hakan alheri ne gare mu masu kallo: su biyun ne suka raba manyan kofuna takwas na 2024 da 2025, huɗu-huɗu.

Nadal ya fi shi tarihi nesa ba kusa ba, kuma in aka ce in zaɓi mutum ɗaya ya buga mini wasa ɗaya a jar ƙasa, har gobe bahagon zan ɗauka. Amma a shekara 22, Alcaraz ya fi Nadal na shekara 22 cikar wasa, ya fi shi yawan dabaru, ya kuma fi duk wanda na taɓa kallo daɗin kallo. Ku da ba ku taɓa zama kun kalli tanis ba, ku da kuke ganin in ba ƙwallon ƙafa ba babu wasa, ina roƙonku abu ɗaya: ku nemi turmi na huɗu da na biyar na wasan Paris na 2025 a YouTube ku kalla, sannan duk ranar da kuka ji an ce Carlitos zai shiga fili, ku roƙi mai gidan kallo ya ba ku talabijin ɗaya.